Sawun da Ya Juya wa Ƙofa Baya

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan shida, da ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar na rana, matar da ke sharar bene na biyu a masana'antar haɗa magunguna ta tura ƙofar ɗakin na'urori, ta tarar da Injiniya kwance cikin jini a bayan akwatunan ƙarfe. An karya masa yatsu uku na hannun hagu, an rotsa masa ƙeya. Na'urorin da ya shekara goma sha ɗaya yana reno, waɗanda ke riƙe da kowane rubutu na masana'antar, an bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya, sannan aka feshe ɗakin da farin garin kashe gobara.

Da sauran numfashinsa. Ta tallabo kansa, ya motsa leɓe, ya faɗi kalma ɗaya sau biyu: "Madubi. Madubi." Daga nan ya cika.

Ma'aikata na tsakar fili suna cin abincin rana lokacin da ta sauko tana kururuwa da kalmar a bakinta. Cikin mutum ɗari biyu da ke aiki a wurin, guda ɗaya tak ake kira Mai Madubi, wato mataimakin Injiniya, saboda kaurin madubin da yake sawa a ido. Tsautsayi ya shigo da shi ta ƙofar fili a daidai wannan lokaci. Ƙanin mamacin, wanda shi ne makaniken masana'antar, shi ya fara kai masa sifana a fuska. Sauran suka rufe shi da katako da dutse da tsinin takalmi. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an karya masa haƙarƙari huɗu, idonsa na hagu ya fashe, bai san inda kansa yake ba.

* * *

Da ƙarfe huɗu Sufeton 'yan sanda ya hau benen tare da wani tsoho mai sanda. Baba Mai Sawu ya koyi bin sawu a wurin kakansa yana ɗan shekara tara, a kan hanyar shanun da aka sace. Ya yi wa 'yan sanda wannan aiki shekara talatin da huɗu, ya ajiye shi shekara bakwai da suka wuce. Bai taɓa danna na'ura ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

"Baba, mamaci ya ambaci wanda ya kashe shi," in ji Sufeto.

"To, me ya sa ka raba ni da inuwata?"

"Gudumar. Ta ƙaninsa ce. Kuma ƙanin ne ya fara dukan wanda ake zargi."

"Ka ga kana da masu kisa biyu, gawa ɗaya. Arziki ya yi maka yawa, ɗana. Matsa daga haske."

Tsohon ya tsuguna a bakin ƙofa, yana bin ƙasa da ido. Sawun giwa ya taka na raƙumi: mai shara ta shiga, ma'aikata sun shiga, 'yan sanda sun shiga da manyan takalmansu. Amma can jikin bango ya ga wani sawu shafaffe wanda ba shi da zanen tafi ko ɗaya, irin na mai sanye da safar leda a kan takalmi.

"Mutum sittin ke sa irinta a ɓangaren haɗa magani da ɗakin gwaji," in ji Sufeto. "Kuma ga kwandonta can a bakin bene, kowa na iya ɗauka."

Baba bai kula shi ba, don idonsa ya koma kan wani abu. Ta ƙarƙashin farin garin, jini ya ratso ya yi ja-ja a doguwar hanya. Ya bi ta da kan sandarsa. Ta faro daga gindin tebur, inda jini ya kwanta da yawa, ta zagaya layin akwatunan, ta ƙare a lungun baya inda aka sami gawar. Gefe da gefe ga tambarin gwiwar hannu, dama da hagu.

"Jini a ƙasa, gari a sama," ya ce. "Ya ja ciki tun kafin a fasa, kafin a fesa. Daga tebur zuwa ƙofa taku nawa?"

Sufeto ya auna. "Huɗu."

"Zuwa lungun?"

"Goma sha ɗaya."

"Na bi dabba mai rauni, na bi mutum mai rauni. Duk mai jini a jika mafita yake nema. Wannan ya juya wa ƙofa baya, ya zaɓi hanya mai nisa. Me aka samu a hannunsa?"

"Wata siririyar waya ce rawaya, ya danne ta da ƙirji. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa. Ina jin faɗuwa ya zo yi ya cafko ta."

"Wanda ke jan ciki ba ya faɗuwa," in ji Baba.

* * *

Mai sharar, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a kan matakala, jinin bai gama fita daga farcenta ba.

"Inna, Mai Madubi ya ce, ko madubi?" in ji Baba.

Ta ɗago. "Malam, ai duk ɗaya ne."

"A wurinki. Ni dai abin da ya shiga kunnenki nake so."

"Madubi ya ce. Amma ai ba ranar ya fara ba. Jiya ina goge tagar nan na ji shi da Mai Madubi suna ta ɗaga murya, har marigayi ya bugi tebur ya ce, wallahi madubin nan sai ya kashe ni. Da kunnena."

"Shi Mai Madubin me ya ce?"

"Dariya ya yi, mugun! Ya ce, Yallaɓai, kai da ka haife shi."

"Haifarsa ya yi?"

"Ina fa! Shekara shida kacal marigayi ya ba shi."

Baba ya gode mata. Yana sauka yana juya maganar. Mutum ba ya ce wa wanda ya girme shi da shekara shida kai ka haife ni, kuma ba ya kiran kansa shi.

* * *

Ranar Lahadi da hantsi Baba ya sami Makanike a asibiti, zaune a kan benci daura da ɗakin da aka kwantar da Mai Madubi, ɗan sanda ɗaya tsaye a tsakaninsu. Ƙato ne, idonsa jawur, hannunsa na dama bai bar aljihu ba.

"Fito da hannun, ɗana, wuƙar ba za ta gudu ba."

"Baba, ina ganin girmanka. Ranar da ya buɗe idon da ya rage masa, ranar zan rufe shi."

"Gudumarka aka samu."

Makanike ya zabura ya shaƙo wuyan rigar tsohon har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ɗan sanda ya ɗaga kulki, Baba ya hana shi da ido.

"Yayana ne! Shi ya goya ni da uwarmu ta rasu!"

"Na ji. Sauke ni, rigar aro ce."

Ya sauke shi yana huci. Gudumar, in ji shi, a rataye take a bangon garejinsa, garejin kuwa ba a kulle shi da rana. Tun safiyar Asabar ya neme ta ya rasa, har ya zagi masu wankin mota a kanta. Lokacin da abin ya faru yana ƙarƙashin babbar mota, direbobi uku na miƙa masa kayan aiki. Sufeto ya tambayi direbobin ɗai-ɗai, maganarsu ta zo daidai.

"Ka ba ni zuwa gobe da yamma," Baba ya ce wa Makanike.

"Ba a hannuna take ba. A idonsa take."

* * *

A ofishin masana'antar Baba da Sufeto suka sami Manaja yana zagaye kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai, da shugaban ɗakin gwaji, wanda ake kira Dakta, zaune ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Talata masu bincike na hukuma za su zo," in ji Manaja. "Yara huɗu sun mutu a asibiti, ana zargin maganin zazzaɓinmu na ruwa. Rubutun gwaji ne zai wanke mu, ga shi an farfasa na'urorin."

"Shi ke nan ya tafi?" in ji Baba.

"Akwai gidan ƙetare." Manaja ya ba da tarihin. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a watan takwas, kogi ya yi ambaliya ya cinye hawan ƙasa da takardun shekara ashirin. Bayan haka Injiniya ya matsa, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, har aka kama ɗaki a kan tudu, ƙetaren kogi, tafiyar kilomita arba'in, aka zuba na'urori irin na nan. "Sai dai mutum biyu ke da kalmar buɗe shi. Ɗaya na makwanci, ɗaya na gadon asibiti."

"Ka bari in sauƙaƙa wa tsoho," in ji Dakta, yana murmushi. "Baba, ka ɗauka rumbu biyu ne. Ka gane rumbu?"

"Na taɓa ganin ɗaya daga nesa."

"Madalla. To, mu da muka yi karatun abin muna cewa..." Ya yi minti goma yana bayani, ya gyara wa Manaja kalma uku, ya gyara wa Sufeto guda. Baba yana gyaɗa kai, yana kallon hannun mutumin. Yara huɗu sun mutu, hatiminsa ne a kan maganin, amma ko yatsansa bai girgiza ba.

A waje Baba ya ce, "Wanda ya san akwai rumbu na biyu, me zai sa ya ƙona na farko?"

"Sai in bai sani ba," in ji Sufeto.

"Ko kuwa ya tabbata ya riga ya gama da na biyun."

* * *

Mai Madubi ya farfaɗo ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Sufeto ya sa aka riƙe Makanike a ƙasa da sunan sa hannu a takarda, suka shiga ta ƙofar baya. Fuskar ta kumbura har ba a gane ta. Magana na fita da ƙyar.

"Yallaɓai fa?" ya fara tambaya.

Sufeto ya sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo ta idon da ya rage.

Baba ya jawo kujera. "Ɗana, mene ne madubi?"

"Gidan ƙetare. Mu biyu ne ke ce masa haka. Duk abin da aka rubuta nan, kafin ƙiftawar ido an rubuta shi can. Kwanan nan yana ɗan jinkiri, shi ne Yallaɓai ke ta faɗa."

"In aka fasa na nan?"

"Ai don haka aka yi shi. Wuta, ruwa, guduma, ba ruwansa. Yana nan yana jira a ce masa karɓi aiki. Da da kansa yake karɓa, sai wata rana waya ta katse, na nan ya ce ni ne shugaba, na can ya ce ni ne. Mako biyu muna raba musu faɗa. Tun ranar Yallaɓai ya ce sai da izinin ɗayanmu."

"To, ba shi da makasa ke nan."

"Yana da ita." Ya yi tari, jini ya ɓullo a leɓensa. "Madubi ba ya zaɓe, Baba. Ka yi murmushi ya yi, ka mari kanka ya mari kansa. In ka shiga da kalmar Yallaɓai ka ce a goge, abin da aka goge nan ya goge can."

Sufeto ya dubi Baba. Yatsu uku karyayyu sun sami ma'ana.

"Ta ina saƙon ke bi ya je can?"

"Waya ɗaya ce, siririya, rawaya. A bayan akwati na ƙarshe."

"In aka zare ta kafin a ba da umarnin?"

Idon ya buɗe sosai. "Madubi ya tsaya cak a kan abin da ya gani na ƙarshe."

"Wa ka taɓa yi wa wannan bayanin?"

Ya yi tunani. "Mutum ɗaya. Makon jiya, a kan matakala. Ya ce don ƙarin ilimi yake tambaya." Ya faɗi ko wane ne, sannan ya raɗa wa Sufeto kalmar buɗewa. Sufeto ya ɗauki masanin na'ura na ofishinsu suka kama hanyar ƙetare.

* * *

Da ƙarfe uku na rana Baba ya tara su a ɗakin na'urori: Inna, Makanike, Manaja da Dakta, 'yan sanda biyu a ƙofa. Ba a share komai ba. Ya tsaya a gindin tebur, ya dogara sanda.

"Nan aka zaunar da shi. An nemi wata kalma a bakinsa ya hana, aka karya yatsa. Ya hana, aka karya na biyu. A na uku ya faɗa. Aka sauke masa guduma a ƙeya, aka ɗauka ya mutu, mai gudumar ya juya baya ya zauna a gaban allo yana laluben abin da ya zo yi."

Makanike ya cije leɓe har ya fashe.

"Bai mutu ba. Ga ƙofa nan, taku huɗu. Da ya nufe ta ya yi ihu, wataƙila da yanzu yana asibiti. Sai ya bi nan." Sandar ta bi jan layin a hankali har lungu. "Mai gudumar ya gama, ya waiwaya, ya gan shi a nan, ya zaci ɓuya ya zo yi. Ya ƙara masa ɗaya, ya farfasa na'urori don a ce aikin mahaukaci ne, ya fesa gari, ya fita. Inna, madubin da kika ji ba mutum ba ne. Sunan da su biyu ke kiran gidan ƙetare ke nan."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni, na kashe ɗan mutane da bakina!"

Sufeto ya ajiye wata ambulan mai kauri a kan teburin. "Daga can na ɗauko wannan yau. Gwajin maganin zazzaɓi ne, yadda aka fara rubuta shi da yadda aka sauya shi, da sunan wanda ya sauya."

Dakta ya yi dariya. "Sufeto, wannan dabarar ta tsufa. Farar takarda ka cusa a ciki don wani ya tsorata. Ka bari in fahimtar da kai yadda abin yake aiki: ba abin da za ka ciro daga can. Abin da aka goge nan ya goge can."

Manaja ya juyo ya dubi Dakta.

"Goge?" in ji Manaja a hankali. "Wa ya ce an goge? Fasawa aka yi."

"Mu dai fasasshe muka gani," in ji Baba. "Na tsaya nan na ba da labari tun daga yatsa har gari, ban ce goge ba. Fasawa kuwa ba ta taɓa na can, kai da ka yi karatun abin ka fi ni sani. Mutum ɗaya ne a duniya zai rantse gidan ƙetare fanko ne: wanda ya ba da umarnin da hannunsa."

Sufeto ya zazzage ambulan. Ba farar takarda ba ce. A shafin farko an rubuta cewa maganin ya faɗi gwaji ranar uku ga watan biyar. A na biyu, cewa Dakta ya mai da shi ya ci ranar huɗu. A na ƙarshe, cewa katinsa na shiga ya buɗe ƙofar ɗakin nan ranar Asabar da ƙarfe ɗaya saura minti takwas. Daga ƙarfe ɗaya da minti tara babu sauran rubutu. Baba ya zaro rawayar wayar daga aljihu ya shimfiɗa ta a kai.

Dakta ya wawuri gwangwanin kashe gobara ya maka wa ɗaya daga cikin 'yan sandan da ke ƙofa a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas. Bai kai matakala ba Makanike ya cim masa. Ya ɗaga shi ya buga da bango, ya sake bugawa, haƙora biyu suka zubo a kan siminti. Ya danne masa ƙirji da gwiwa, wuƙar ta fito.

Sandar Baba ta sauka a kan wuyan hannunsa.

"Shekaranjiya ma ka tabbata," in ji tsohon. "Kamar yadda ka tabbata yanzu."

"Wannan shi ne, Baba!"

"Shi ne. Amma yayanka ya bar ƙofa ya ja ciki don a karanta takardun nan a gaban alƙali, iyayen yaran nan huɗu na zaune, wannan kuma na tsaye yana amsawa. Ka yanka shi, ka goge abin da shi ya hana a goge."

Hannun ya daɗe a sama. Sannan wuƙar ta faɗi. Sufeto ya take ta, ya sa wa Dakta ankwa.

Makanike bai tashi daga durƙuson ba. Ya miƙo hannayensa biyu. "Akwai saura, Sufeto. Amma ka fara bi da ni ta asibiti."

* * *

Mai Madubi ya ji ƙarar sarƙa kafin ya gane mai ita. Makanike ya durƙusa a gefen gadon, ya ciro wani abu daga aljihun ƙirji da hannayensa ɗaurarru, ya ajiye a kan bargo. Madubin ido ne, ɓari ɗaya babu gilashi, ƙarfen ya lanƙwashe.

Majinyacin ya shafa shi da yatsa, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya idonsa wajen tsohon.

"Baba, wayar. Ya kai gare ta?"

"Ya kai."

"Da nisa fa. Kullum ina ce masa mu matso da ita kusa da tebur, yana cewa gobe."

"Taku goma sha ɗaya ne ga mai ƙafa," in ji Baba Mai Sawu, yana ɗaukar sandarsa. "Na ƙirga tambarin gwiwar hannunsa. Talatin da takwas ne, kuma babu inda ya tsaya ya huta."